MADAM CLICQUOT: BAZAWARAR DA TA CI KASUWAR RASHA DA ZAƘI

Duk wanda ya taɓa aiki a manyan otel-otel na Ikko ko Fatakwal, ko kuwa ya ga yadda ake shirya teburin liyafar manya, ba zai rasa ganin wata kwalaba mai takarda ruwan ɗorawa an tsoma ta cikin bokitin ƙanƙara ba. A jikin takardar an rubuta Veuve Clicquot. Kalmar farko, watau Veuve, ma'anarta da Faransanci matar da mijinta ya rasu. Abin da ke cikin kwalabar kuwa shi ne shampen, giyar inabi mai kumfa wadda ake yi a lardin Shampan na ƙasar Faransa. Giya dai haramun ce ga Musulmi, wannan kowa ya sani. Amma matar da sunanta ke jikin kwalabar tana cikin manyan 'yan kasuwar da Turai ta taɓa yi, kuma duk wanda ya bar gida don neman abin kansa zai tsinci abin lura cikin tarihinta.

ASALINTA

Sunanta na yanka Barbe-Nicole Ponsardin. An haife ta ran 16 ga Disamba, 1777, a birnin Reims da ke arewa maso gabashin Faris. Ubanta Nicolas Ponsardin attajiri ne mai masaƙar ulu, wanda daga bisani ya zama magajin garin Reims a zamanin Napoliyon. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka soma juyin juya halin Faransa na 1789, wanda ya ci sarki da fadawa da attajirai masu yawa, amma uban ya san yadda ya bi da masu mulkin kowane zamani har dukiyarsa ta tsira.

Cikin 1798 aka ɗaura mata aure da François Clicquot, ɗan wani attajirin masaƙa mai suna Philippe Clicquot. Shi Philippe tun 1772 ya buɗe ɗan ƙaramin cinikin giyar inabi a gefen sana'arsa ta tufafi. Ɗan kuwa sai hankalinsa ya karkata ga giyar, ya riƙa zaga gonakin inabi, matarsa na biye da shi tana ganin yadda ake tsinka da matsa da haɗawa. Suka sami 'ya mace ɗaya, Clémentine, cikin 1799.

Cikin Oktoba 1805 zazzaɓi ya kama François, kwana kaɗan ya rasu. Ya bar mata tana da shekara 27, da yarinya 'yar shekara shida, da ciniki wanda yaƙi ya riga ya soma durƙusarwa.

TA ƘI A RUFE

Surukinta ya yi niyyar rufe harkar ɗungum. Ita kuwa ba ta rasa ci da sha ba, da ta so sai ta koma gidan ubanta ta zauna cikin daula. Sai ta nemi a bar mata ta gwada. A dokar Faransa ta wancan zamani matar aure ba ta da ikon yin ciniki ko sa hannu a takardar yarjejeniya sai da yardar miji, amma wadda mijinta ya rasu tana da wannan iko kamar namiji. Takabar da ta shiga ita ce ta buɗe mata ƙofar kasuwa.

Tsohon ya yarda, har ya zuba kuɗinsa, bisa sharaɗin ta haɗa kai da wani masanin sana'ar mai suna Alexandre Fourneaux ta koyi aiki. Shekara huɗu suka yi tare, daga 1806 zuwa 1810, ba su ga riba ba. Ingila da Faransa suna yaƙi, kowa ya datse wa ɗan'uwansa hanyar teku. Dubban kwalaben da suka aika suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Amsterdam, zafi ya lalata da yawa daga ciki. Da wa'adi ya cika Fourneaux ya janye. Ita ta ci gaba ita kaɗai, ta sa wa kamfanin suna Veuve Clicquot Ponsardin.

ABIN DA RASHAWA KE SO

Akwai wani Bajamushe mai suna Louis Bohne wanda ya yi wa mijinta aikin talla, ya kuma zauna tare da ita. Shi ke yawo ƙasa ƙasa yana rubuto mata abin da ya gani. Ta wurinsa ta san cewa babbar kasuwa tana birnin San Fitasbag, hedkwatar Rasha ta lokacin, inda sarakuna da hakimai ke kashe kuɗi a liyafa ba lissafi. Ta kuma san irin abin da bakinsu ke so, watau zaƙi mai tsanani.

Shampen ɗin wancan zamani ba irin na yau ba ne. A ƙarshen cin abinci ake kawo shi tare da kayan zaƙi, mai sanyi ƙarara. Kowace ƙasa da gwargwadon sukarin da take so. Ingilishi su ne masu son kaɗan, Faransawa da Jamusawa tsaka-tsaki, Rashawa kuwa har kusan giram 300 na sukari ake zuba musu cikin lita guda. Lemon kwalba irin su Coca-Cola, da ake cewa ya cika zaƙi, sukarinsa bai wuce giram 110 cikin lita ba. Madam Clicquot ba ta tsaya gardama da mai saye ba. Abin da ya ce yana so shi ta haɗa masa.

KASADAR 1814

Cikin 1811 wata tauraruwa mai wutsiya ta bayyana a sararin Turai wata da watanni, kuma a wannan shekara inabin Shampan ya yi kyau ƙwarai. Ta matsa, ta ɗura, ta ajiye cikin ramukan alli da ke ƙarƙashin birnin Reims, inda sanyi ba ya sakewa rani da damina. Amma babu inda za ta kai. Napoliyon ya auka wa Rasha cikin 1812, Sarkin Rasha Alekzanda ya hana shigo da giyar Faransa. Farkon 1814 sojojin Rasha da na Furushiya suka shigo Reims kanta. Ta sa aka toshe bakin ramin da giyar 1811 take da bulo, ta bar sauran a fili.

Cikin Afrilu 1814 Napoliyon ya sauka daga mulki. Kowane ɗan kasuwa a Reims ya san hanyar Rasha za ta buɗe, amma duk suka zauna jiran a sa hannu a takardun sulhu. Ita ba ta jira ba. A asirce ta yi hayar jirgin ruwa, ta loda masa kwalaba 10,550, ta sa Bohne ya shiga ya tsare kayan. Jirgin ya tashi daga Le Havre cikin watan Yuni. Da an kama shi, ko guguwa ta nutsar da shi, ko zafin bazara ya farfasa kwalaben, to, da ita da kamfanin sun gama yawo, domin babu wani abin da za ta sake jingina da shi.

Farkon Yuli jirgin ya isa Königsberg a bakin tekun Baltik, garin da yanzu ake kira Kaliningrad. Tun kafin a gama sauke kaya masu saye suka yi wa Bohne caa. Da aka buɗe iyaka kayanta ne suka fara shiga San Fitasbag, ana sayar da kwalaba guda rubul 12, kuɗi mai tsoka a lokacin. Kafin abokan gasarta su shirya jiragensu, ta riga ta aika da kaya na biyu, fiye da kwalaba 12,000. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Tun daga nan sunan Clicquot ya zauna a bakin Rashawa, har babban mawaƙinsu Pushkin ya ambace shi cikin littafinsa Eugene Onegin.

TEBUR MAI RAMUKA

Kasuwa ta buɗe, sai ga wata matsala. Shampen sau biyu yake tsima. Na biyun cikin kwalaba ne bayan an toshe ta, inda yisti ke cin sukari yana fid da iska, iskar ta rasa mafita ta narke ciki, ita ce kumfar. Ƙarfin iskar ya kai ninki biyu zuwa uku na tayar mota, shi ya sa a da kwalabe ke fashewa da yawa. In yisti ya gama aiki sai ya mutu ya bar guggubi, giyar ta yi gurɓi-gurɓi. Yadda ake tacewa a da shi ne a juye daga kwalaba zuwa kwalaba, aiki mai cin lokaci, ga asarar kumfa.

Wajen 1816 ita da shugaban ma'aikatan raminta, Antoine de Müller, suka fito da dabara. Aka huda katakon tebur ramuka ramuka, aka soke kwalabe kai ƙasa a karkace. Kullum ma'aikaci ya bi su ɗaya ɗaya, ya ɗan girgiza, ya ɗan murɗa, ya ƙara miƙar da ita. Bayan mako shida zuwa takwas guggubin duk ya taru a bakin toshiya. Sai a buɗe da sauri, iska ta tunkuɗo shi waje, a cike gurbin da ya ragu da giya da narkakken sukari, a sake toshewa. A wannan ciko na ƙarshe ne ake yanke yawan zaƙin kowace kwalaba, na Rasha dabam, na Ingila dabam. Ta haka ta sami giya garau, da yawa, da sauƙin kuɗi. Shekaru ta yi tana ɓoye dabarar kafin sauran kamfanoni su gano, kuma har yau bisa wannan ƙa'ida ake aiki, sai dai yanzu inji ne ke murɗa yawanci. Cikin 1818 kuma ta haɗa jar giyar ƙauyen Bouzy da farar, ta fid da shampen mai launin hoda.

Cinikinta ya tashi daga kwalaba 43,000 cikin 1816 zuwa 280,000 cikin 1821.

TUNTUƁE

Ba kullum ake kwana a gado ba. Da kuɗi suka zauna sai ta buɗe banki cikin 1822, ta kuma koma harkar masaƙa. Abin bai karɓe ta ba. Kafin ƙarshen shekarun 1820 masu ajiya suka taso kowa na neman kuɗinsa, kamfanin ya kai bakin rami. Wani ma'aikacinta Bajamushe, Édouard Werlé, shi ya jingina dukiyarsa ya biya bashin. Ba ta manta masa ba. Cikin 1831 ta mai da shi abokin tarayya, ta rufe bankin da masaƙar, ta koma ga sana'ar da ta sani. Da ta ja da baya cikin 1841 shi ta miƙa wa ragama, ko da yake ba ta daina duba littafin lissafi ba.

Ta gina ƙasaitaccen gida a Boursault, bisa tudu mai kallon kogin Marne, a nan ta ƙare kwanakinta cikin jikoki. Ta rasu ran 29 ga Yuli, 1866, tana da shekara 88. A lokacin kamfanin na sayar da kwalaba wajen 750,000 a shekara.

BAYAN RASUWARTA

Bakin mutane ya sake. Wata bazawarar kuma a Reims, Madam Pommery, ta yi wa Ingilishi shampen marar zaƙi da inabin 1874, ya karɓu, sannu a hankali shi ya mamaye kasuwa. Juyin juya halin 1917 kuma ya share sarakunan Rasha da liyafarsu.

Yau mai shirya babbar liyafa takardar kwalaba yake karantawa kafin ya zaɓa. In an rubuta Brut, sukarin bai kai giram 12 cikin lita ba, irinsa ake kawowa da farko tare da kifi da abinci mai gishiri. Extra Dry daga 12 zuwa 17 ne, Sec daga 17 zuwa 32, kuma waɗannan sunaye kan ruɗi baƙo, domin ma'anarsu busasshe ne alhali sun fi Brut zaƙi. Demi-Sec daga 32 zuwa 50, Doux kuwa abin da ya haura 50. Waɗannan biyun na ƙarshe su ake ajiye wa ƙarshen abinci, lokacin kek da 'ya'yan itace, ko kuwa a haɗa su da abinci mai yaji. Ƙa'idar masu hidimar tebur ita ce abin sha ya fi abin ci zaƙi, in ba haka ba sai ya yi tsami a baki. Watau wurin da Madam Clicquot ta san shampen a tebur, yau ya zama na Demi-Sec da Doux.

Cikin 2010 masu ninƙaya suka tarar da wani tsohon jirgi a ƙasan tekun Baltik kusa da tsibiran Aland, tsakanin Finland da Suwidin, da kwalaba 168 a cikinsa, waɗansunsu na gidan Clicquot, sun yi shekara wajen 170 a ruwa. Da masana suka auna sai suka sami sukari fiye da giram 140 cikin lita, kusan ninki uku na inda Doux ya fara a yau. An yi gwanjon guda ɗaya cikin 2011 a kan yuro 30,000.

Kamfanin yana nan a Reims, yanzu ƙarƙashin rukunin LVMH. Tun 1972 yake ba da lambar yabo da sunanta ga matan da suka yi fice a kasuwanci, kuma a ƙasar Shampan har gobe ana kiranta Babbar Uwargida.