Abdu Mumuni, masanin rana

An haifi Abdu Mumuni a Tasawa, cikin jihar Maraɗi, ran 26 ga watan Yuni 1929. Tasawa ba ta da nisa da Gazawa da Agiye. Ya yi lakwal a Damagaram da Yamai. Daga nan ya tafi makarantar William Ponty a Senegal, sannan ya wuce Faransa. Can ya koyi fizik, wato ilimin haske da zafi da motsi. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malamai ta Faransa. Ya karantar a Dakar da Konakiri da Yamai da Bamako.

Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne rana. Rana tauraruwa ce, irin waɗanda muke gani da dare, sai dai ta fi su kusa da mu. Tsakaninmu da ita akwai kilomita kamar miliyan 150. Haskenta yana yin minti 8 da ɗan abu kafin ya iso ƙasa.

A ƙasarmu itace yana ƙaranci. Mata suna yin tafiya mai nisa neman na girki, hamada kuma tana matsowa. Rana kuwa ga ta kullum, ba a sayen ta. Sai Abdu Mumuni ya nemi dabarar sa ta aiki. Daga 1969 ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar aiki da hasken rana ta Nijar. Can aka ƙera tukunyar zafafa ruwa da murhun girki, duk ba da itace ba. A 1979 ya zama shugaban jami'ar Yamai.

A 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka. A ciki ya nuna cewa yaro ya fi gane karatu cikin harshen da ya tashi da shi. Kan wannan hanya lakwal mai harshe biyu take tafiya.

Ya rasu a Yamai ran 7 ga watan Afrilu 1991. Yau jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Tambayoyi
1. A ina aka haifi Abdu Mumuni?
2. Don me rana ta fi sauran taurari haske a idonmu?
3. Wane amfani murhun rana yake yi wa itatuwan garinku?