Tunawa da Alhaji Abubakar Imam, marubucin da ya mai da tafiya jari

Ranar 19 ga watan Yuni, 1981, Allah Ya yi wa Alhaji Abubakar Imam rasuwa a Zariya yana da shekara 70 a duniya. Fiye da shekara 40 ke nan, amma har gobe ɗalibin Hausa, ko yana tsakiyar birnin Katsina ko yana Yangoji a bakin hanyar Abuja zuwa Lokoja, da wuya ya ƙare karatu bai ci karo da Waziri Aku ko Malam Zurƙe ɗan Muhamman ba. Mutane da yawa sun san littattafan, kaɗan ne suka san yadda mai su ya rayu da alƙalami, da inda ya riƙa samo labaransa, da kuma abin da ya janye shi daga ƙagaggun labarai tun bai cika shekara 30 ba.

Daga Kagara zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a yau yake cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne masu asali daga Barno, kuma mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne da ya riƙe alƙalanci. A gaban mahaifin nasa ya fara karatun allo da na littattafan Larabci. Wannan tushe ya yi masa rana daga baya, domin lokacin da ya fara rubutu yana iya ɗebowa daga rijiya uku: Hausar da ya sha a nono, Larabcin zaure, da Turancin makaranta.

Yayansa, Malam Bello Kagara, malamin makaranta ne a Katsina, kuma ta hannunsa yaron ya shiga karatun boko a can. A 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda ta yaye manyan Arewa na farko. Ya tarar da Ahmadu Bello a makarantar, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya biyo bayansa da shekara guda. Ya gama a 1932, aka ɗauke shi koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko.

A wancan lokaci babu wata sana'a a ƙasar Hausa da ake kira marubucin labari. Akwai malamai masu wallafa waƙoƙi da littattafan addini da ajami da Larabci, akwai magatakarda a fada, akwai masu tatsuniya da dare. Amma a ce mutum ya zauna ya ƙago dogon labari a zube, a buga shi a sayar, wannan baƙon abu ne. Malamai da dama ma suna ganin tatsuniya aikin mata da yara ce, ba ta kamaci mai ilmi ba.

Gasar 1933

Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda daga baya ta koma Hukumar Talifi, tana ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East. Damuwarsa ita ce makarantu suna yaye masu iya karatun boko, amma ba su da abin karantawa na nishaɗi da harshensu. A 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai, aka sa gasa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da East kansa, sai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yake da shekara 22. Wa da ƙane daga gida ɗaya suka ɗauki biyu cikin biyar.

Ruwan Bagaja labarin tafiya ne tun daga farko har ƙarshe. Jarumin littafin, Alhaji Imam, ya bar Kwantagora ne saboda an kunyata Liman, mijin mahaifiyarsa, a gaban fada, bayan ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki. Ya shafe shekara 15 yana yawo gari gari, yana haɗuwa da Malam Zurƙe suna yi wa juna ƙeta suna ramawa, har ya samo ruwan ya dawo gida. Abin lura a nan shi ne matashin da ya rubuta wannan yawon duniya bai taɓa ƙetare teku ba a lokacin. Hanyar da ya sani ita ce ta Kagara zuwa Katsina, da kasuwanninta da zangon fatake da kotunan alƙalai. Sauran ya samo su daga karatu: salon abokan hamayya biyu masu haɗuwa a kowane gari ya yi kama da na Maƙamatul Hariri, neman ruwan magani kuma jigo ne da ake samu a tatsuniyoyin ƙasashe da yawa, har da na Jamus. Gwanintarsa ita ce ya sa wa waɗannan baƙi riga da hula, ya ba su bakin Hausa, har mai karatu ya ɗauka a unguwarsu aka haife su.

Wata shida a Zariya

East ya gane cewa ya yi tsintuwa. A 1936 ya nemi aron malamin daga Katsina na wata shida, aka kawo shi Zariya. Rayuwarsa a waɗannan watanni ita ce mafi kusa da rayuwar cikakken marubuci da ya taɓa yi. An tara masa littattafan labarai na Larabci da na Turanci, yana karantawa, yana zaɓe, yana rubutawa, sannan su zauna da East su bi abin da ya rubuta. A cikin wannan ɗan lokaci ya kammala Magana Jari Ce, littafi uku masu ɗauke da labarai fiye da 80, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939.

Ginshiƙin littafin, wato aku mai ba da labari don ya hana wani fita da dare, ya samo asali ne daga tsofaffin hikayoyin Indiya da Farisa. A hannun Imam sai ya zama akun da ke tsare Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, daga makircin waziri, har tsuntsun ya gaji wazircin. A littafi na biyu yana gasar labari da Haziƙ, akun Sarkin Sirika, a na uku kuma yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Labaran da ke ciki wasu daga Alfu Laila suke, wasu daga Kalila wa Dimna, wasu daga tatsuniyoyin Turai, wasu kuma na gida ne. Manazarta sun daɗe suna bin sawun kowane labari zuwa tushensa, kuma abin da binciken nasu ya ƙara fitarwa shi ne yawan aikin da ya yi kafin baƙon labari ya zama ɗan gari. Yakan canza suna da gari da sana'a, ya cire abin da bai dace da tarbiyyar Musulmi ba, ya ɗaura wa labarin karin magana a ka, ya cika bakin mutanensa da ba'a da habaici irin na zaure. Ga mai neman sanin inda marubuci ke samo labari, amsar da aikin Imam ya bayar ita ce yawan karatu da kasa kunne ga maganar mutane.

Editan jarida

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, Abubakar Imam ne editanta na Hausa na farko. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa jaridar ne a daidai lokacin da gajimaren yaƙi ke haɗuwa a Turai, jita-jita kuma ta yi yawa a kan makomar Nijeriya. Wannan ya sa editan cikin tsaka mai wuya: albashinsa daga gwamnati yake fitowa, sarakuna suna sa ido a kan kowane layi, matasa 'yan boko kuma suna son ya zama bakinsu. Ya riƙe wannan aiki shekara 12. A shafin wasiƙu da ra'ayoyi ne mutane irin su Sa'adu Zungur da Aminu Kano suka sami filin bayyana tunaninsu, kuma a shafukan jaridar ne Hausar boko ta koyi yadda za ta ba da labarin jirgin yaƙi da majalisa da kasafin kuɗi ba tare da ta rasa ɗanɗanonta ba.

Tafiyar Ingila

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka gayyaci editoci takwas daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila su ziyarci ƙasar. Imam yana cikinsu, tare da Nnamdi Azikiwe na jaridar West African Pilot. Wannan karon mai rubuta tafiyar ƙage ya yi tafiyar gaske, a kan tekun da jiragen Jamus ke farauta a cikinsa. Abin da ya gani ya zama littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944. Ya rubuta shi ne don mutumin da bai taɓa ganin teku ba, saboda haka yakan auna baƙon abu da abin da Bahaushe ya sani, ya tsaya a kan ƙananan abubuwan zaman yau da kullum da wani matafiyin zai wuce bai kula ba. Littafin yana cikin na farkon rubutun tafiye-tafiye da Hausar boko. Bayan ya sauke farali ya sake komawa ga wannan salo a Hajji Mabuɗin Ilmi.

Tafiyar ta kuma jefa shi cikin siyasa. Azikiwe ya shirya takarda zuwa ga gwamnatin Ingila yana neman a tsara matakan ba da mulkin kai, Imam kuwa ya ƙi sa hannu, saboda yana ganin Arewa, da ƙarancin makarantunta da 'yan bokonta, za ta shiga sabon tsarin ne a baya. Wasu jaridun Legas sun caccake shi a kan haka. Amma a wannan tafiya ce dai ya gana da Lugga, tsohon gwamnan da ya ci Arewa da yaƙi, ya zayyana masa illolin mulkin En'e, da zaluncin da talaka ke sha, da yadda ake wulaƙanta matasa masu ilmi, ya kuma bi bayan ganawar da wasiƙu. Mutumin da wasu suka kira ɗan koren gwamnati, shi ne ya kai ƙarar tsarin gwamnatin gaban wanda ya gina shi.

Abin da aiki ya ci

Daga nan hidimar jama'a ta yi ta jan sa. Yana cikin waɗanda suka yi fafutukar kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940. A 1951 ya bar kujerar edita ya shiga majalisa a Kaduna da Legas. Bai daɗe a siyasa ba ya koma harkar littattafai a hukumar NORLA ta Zariya, daga can aka naɗa shi a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya yi aiki da kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a Zariya a 1966, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya riƙe aikin sauraron koke-koken jama'a a Kaduna. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Bai ajiye alƙalami ba a duk waɗannan shekaru. Ya rubuta littattafan ilmantarwa irin su Ƙaramin Sani Ƙuƙumi da Ikon Allah, wanda suka yi tare da East, da na tarihin Musulunci, har da Tarihin Annabi Kammalalle. Sai dai bai sake fito da wani babban ƙagaggen labari ba bayan Magana Jari Ce. Littattafai biyun da suka ɗaukaka sunansa ya rubuta su ne yana tsakanin shekara 22 da 25. Ofis ya ba shi albashi da girma da damar yi wa jama'a aiki, ya kuma cinye lokacin da labari ke bukata. A zamaninsa babu wata hanya: maɗaba'a ta hukuma ce, masu saye makarantu ne, kuma babu kasuwar da za ta ciyar da marubuci da iyalinsa daga cinikin littafi kaɗai.

Wannan kasuwa ta buɗe ne jim kaɗan bayan rasuwarsa, lokacin da matasa maza da mata a Kano da sauran garuruwa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu suna kai wa 'yan kasuwa. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun sami 'yancin da Imam bai samu ba, suka kuma haɗu da wahalar da shi bai sha ba, ta neman kuɗin takarda da bin bashin dillalai. Marubucin yau da ke sayar da labarinsa ta wayar hannu yana tsaye ne a kan wannan mararraba: aikin albashi mai cin lokaci, ko cin gashin kai marar tabbas.

Tarihin rayuwarsa da ya bari, surukinsa Alhaji Abdurrahman Mora ya tace, kamfanin NNPC ya buga shi da Turanci a 1989. A cikinsa akwai wasiƙunsa da Lugga da labarin shekarunsa a gidan Gaskiya. Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce kuwa har yau ana sake buga su, ana karanta su a rediyo, ana nazarin su a jami'o'in gida da na waje. Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, Ya kyautata makwancinsa.