Sarkin da Sunansa ke Cikin Wayoyinmu

A wannan makon mun kawo muku tarihin wani sarki da ya mutu fiye da shekara dubu da suka wuce, amma kusan kullum sai an ambaci sunansa a nan Argungu. Duk wanda ya taɓa cewa a kunna Bluetooth a tura masa karatu ko waƙa, to sunan sarkin nan ya kira.

Sunansa Harald, ɗan Sarki Gorm da Sarauniya Thyra. Ya hau sarautar ƙasar Danmak, can arewacin Turai, a wajajen shekarar 958. Mutanensa su ne ake kira Viking, gwanayen tuƙa jirgin ruwa, masu fatauci da kai hari a ƙasashen bakin teku. Laƙabinsa a harshensu shi ne Blatand, wato mai shuɗin haƙori, shi ne Turawan Ingila suka mayar Bluetooth. An ce yana da wani mataccen haƙori da ya yi duhu. Da a ajinmu yake da tsokana ta ishe shi, amma shi sarki ne, sai abin ya zame masa suna.

Lokacin da ya hau mulki kan mutanen yankin ba a haɗe yake ba, kowane yanki da mai faɗa a ji. Harald ne ya tattara Danmak ƙarƙashin sarauta ɗaya, har ikonsa ya kai wani ɓangare na ƙasar Norwe na ɗan lokaci. A zamaninsa ne kuma ya bar bautar gumakan kakanninsa ya karɓi addinin Kirista. Wajen shekarar 965 ya sa aka sassaƙa wani ƙaton dutse a garin Jelling don tunawa da iyayensa, aka rubuta ayyukansa a jiki. Dutsen yana nan har yau, kuma tun 1994 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya fi burge mu shi ne gine-ginensa. Wajen 980 aka gina ganuwowi masu siffar da'ira a wurare kamar Trelleborg da Fyrkat da Aggersborg, kowace da ƙofa huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa. An kuma yi wata gada ta katako a Ravning mai tsawon kusan mita 760, ba tirela ba katafila. Mu Kabawa ba za mu ji wannan ba mu tuna da Kanta da ganuwar Surame ba, duk da cewa Harald ya riga Kanta da fiye da shekara 500.

Sai dai ƙarshensa bai yi kyau ba. A 974 Sarkin Jamus Otto na Biyu ya ci shi da yaƙi a kan iyakar kudu. Daga baya ɗan cikinsa, Sweyn, ya yi masa tawaye. Wasu masana tarihi na ganin aikin tilas na waɗancan gine-gine yana cikin abin da ya sa jama'a suka juya masa baya. Tsofaffin littattafai sun ce an harbe shi da kibiya, ya gudu ya bar ƙasar, ya mutu wajen 986. Wannan Sweyn ɗin shi ne ya ci Ingila da yaƙi a 1013.

To yaya aka yi sunan sarki ya shiga wayar hannu? A 1994 injiniyoyin kamfanin Ericsson a birnin Lund na ƙasar Suwidin, cikinsu har da Jaap Haartsen, suka fara neman yadda na'urori za su riƙa magana da juna daga kusa ba tare da igiya ba. Wasu kamfanoni ma suna irin wannan ƙoƙari, kowa da tasa hanyar. Da kowa ya kama gabansa, da na'urar wannan kamfani ba ta jin ta wancan. A 1998 kamfanoni biyar, Ericsson da Nokia da Intel da IBM da Toshiba, suka amince da tsari ɗaya. Wani injiniyan Intel, Jim Kardach, shi ya kawo shawarar sunan, don yadda Harald ya haɗa kan jama'arsa haka ake so tsarin ya haɗa kan na'urori. Sunan wucin gadi ne kafin a sami wani, sai ga shi ya zauna daram.

Ga yadda maganar ke gudana, kamar yadda malaminmu na fasaha ya yi mana bayani. A cikin ƙananan na'urori akwai wata 'yar mitsitsiyar kwamfuta, wani lokaci ba ta kai farce girma ba, ita ce ƙwaƙwalwar na'urar. Wasu irinta ba su iya aika saƙo ta iska, sai an haɗa su da wani ɗan guntun rediyo, kamar wanda ake kira HC-05 da masu koyo ke amfani da shi. Ban da wayoyin wuta, siraran wayoyi biyu ne ke ɗaukar magana tsakaninsu, ɗaya ta aikawa, ɗaya ta karɓa. Dole a haɗa bakin wannan da kunnen wancan. In aka haɗa baki da baki, shiru kake ji. Saƙon kuma ba kalmomi ba ne, 0 da 1 ne suke bin juna ɗaya bayan ɗaya, kuma sai sun yarda da gudu ɗaya, misali guda 9600 a daƙiƙa. In ɗaya ya fi ɗaya sauri, abin da zai fito shirme ne zalla, kamar malami na shifta da gudu ɗalibi na rubutu a hankali.

Daga nan rediyon ya watsa saƙon, yawanci nisan bai wuce mita 10 ba. Ba ya tsayawa a tasha ɗaya, yana tsalle tsakanin tashoshi 79, sau 1600 a daƙiƙa ɗaya, na'urar da aka haɗa shi da ita tana bin sa a daidai wannan tsallen. Shi ya sa ko a cinkoson Matan Fada ranar bikin kamun kifi, mutane da yawa kan kunna nasu kusa da juna, kuma ba kasafai saƙon wani ke tare na wani ba.

In kun koma gida, ku roƙi Baba ko Yaya aron waya ku duba alamar Bluetooth da kyau. Wannan zanen mai kama da kibiyoyi haruffa biyu ne na tsohon rubutun mutanen Harald, irin wanda aka sassaƙa a dutsen Jelling, aka ɗora ɗaya kan ɗaya: H na Harald da B na Blatand.