Hanns Vischer

Hanns Vischer, wanda Hausawa suka fi sani da Ɗan Hausa, malami ne kuma jami'in mulkin mallaka na Birtaniya. Shi ne ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewacin Najeriya.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan ranar 14 ga Satumba, 1876. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij da ke Ingila. Ya fara zuwa ƙasar Hausa ne tare da 'yan mishan, daga baya ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya a 1903, aka tura shi aiki Borno. A 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Borno.

Makarantar Nassarawa

A lokacin iyaye Musulmi suna gudun boko don tsoron kada a raba 'ya'yansu da addininsu. Da aka ɗora wa Vischer aikin tsara ilimi, sai ya ziyarci makarantun Masar da Sudan don ya ga tsarinsu. A 1909 ya buɗe makaranta a Nassarawa, Kano.

Ya raba ta sassa: na horar da malamai, na 'ya'yan sarakuna, na firamare, da na sana'o'in hannu. Da Hausa ake koyar da karatu da rubutu da lissafi, cikin haruffan boko. Malaman gari ne suke koyar da Larabci da addini, ɗalibai kuma suna cikin suturarsu ta gida. Sun fito daga larduna daban-daban, har da waɗanda Hausa ba harshensu na gida ba ne, sai ta zama harshen da ya haɗa su. A 1912 ya wallafa ƙa'idojin rubutun Hausa.

Suka

Wasu masana tarihi suna ganin tsarin ya fifita 'ya'yan sarauta, kuma jinkirta koyar da Turanci ya ƙara tazarar boko tsakanin Arewa da Kudu.

Ƙarshen rayuwa

Daga 1923 ya zama sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan ilimi a Afirka. Ya rasu a Ingila ranar 19 ga Fabrairu, 1945. Gidansa na Kano, Gidan Ɗan Hausa, yanzu gidan tarihi ne.