Chien-Shiung Wu

Chien-Shiung Wu (31 ga Mayu, 1912 zuwa 16 ga Fabrairu, 1997) masaniyar fiziks ce 'yar asalin ƙasar Sin wadda ta yi aikinta a Amurka. An fi saninta da gwajin da ya nuna cewa rarraunan ƙarfin nukiliya yana bambanta dama da hagu.

Farkon rayuwa da karatu

An haife ta a garin Liuhe na lardin Jiangsu, inda mahaifinta ya kafa makarantar 'yan mata ta Mingde. Ta kammala digiri a Nanjing a 1934, ta tafi Amurka a 1936, ta sami digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1940. A 1942 ta auri masanin fiziks Luke Yuan, a 1944 kuma ta koma Jami'ar Columbia, inda ta yi aiki a Shirin Manhattan na ƙera bam ɗin nukiliya.

Gwajin Wu

Kafin 1956 masana sun ɗauka cewa duk abin da ya faru a cikin atam, kishiyarsa ta cikin madubi ma za ta iya faruwa daidai wa daida. A shekarar ne Tsung-Dao Lee da Chen Ning Yang suka lura ba a taɓa gwada wannan a kan rarraunan ƙarfi ba, wato ƙarfin da ke sa cibiyar atam ta fitar da elektron.

Wu ta shirya gwajin tare da Ernest Ambler da abokan aikinsa a Hukumar Ma'auni ta Ƙasa da ke Washington. Sun sanyaya sinadarin kobalt-60 har kusa da iyakar sanyi, sannan suka yi amfani da maganaɗisu suka jera cibiyoyinsa suna juyawa ta fuska ɗaya. Kobalt-60 kan fitar da elektron ya rikiɗe zuwa nikel-60, shi kuma ya saki hasken gamma sau biyu. Da yake hasken gamma bai bambanta dama da hagu, da shi suka auna yadda cibiyoyin suka jeru. Sakamakon ya nuna elektron sun fi fita ta ɓangaren da ke kishiyar alƙiblar juyin. Da an dumama sinadarin, bambancin ya ɓace. An wallafa binciken a Fabrairun 1957.

Karramawa da rasuwa

A 1957 aka ba Lee da Yang kyautar Nobel, ba a haɗa da Wu ba, abin da masana da dama ke gani rashin adalci ne. A 1975 ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana fiziks ta Amurka, a 1978 kuma ta karɓi kyautar Wolf ta farko a fannin. Ta rasu a birnin New York, aka binne tokarta a harabar makarantar Mingde.