Abdou Moumouni Dioffo: Malamin da ya so jami'a ta ci gajiyar ranar da ke kanta

A gefen Kogin Kwara, a birnin Yamai, akwai jami'ar da ta girmi sauran jami'o'in Jamhuriyar Nijar. Tun 1992 take ɗauke da sunan Abdou Moumouni, kuma ɗaliban Najeriya da dama da suka je koyon Faransanci a can sun san sunan a bakin ƙofa ba tare da sanin mai shi ba. Mutumin ya shugabanci jami'ar, amma ba kujerar shugabanci ce ta ɗaukaka shi ba. Masanin kimiyyar lissafi da ɗabi'ar halittu ne, wato fiziks, wanda ya ƙarar da rabin rayuwarsa a kan tambaya ɗaya: me ya sa ƙasar da rana ke gasa ta kusan duk shekara za ta riƙa sayen makamashi daga waje, tana kuma sare 'yan itatuwan da suka rage mata domin girki?

An haife shi ranar 26 ga Yuni, 1929, a Tasawa, garin Hausawa da ke tsakanin Maraɗi da Damagaram. Ya yi karatun farko a Nijar, sannan aka tura shi Senegal, makarantar William Ponty, inda Faransa ke horas da malamai da akawuna na yankunan da take mulka a Afirka ta Yamma. Yawancin waɗanda suka fito daga nan sukan koma gida su kama aikin ofis. Shi kuwa ya zarce Faris. A 1956 ya ci jarrabawar nan mai tsanani da Faransawa ke kira agrégation, wadda ke ba mutum matsayin babban malami, a fannin fiziks. Ana lissafa shi a matsayin ɗan Afirka baƙar fata na farko daga yankunan Faransa da ya kai wannan mataki a fannin.

Zaman Faris bai tsaya ga littafi ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, wadda aka fi sani da FEANF, kuma yana cikin jam'iyyar PAI mai ra'ayin gurguzu da aka kafa a 1957 domin neman 'yancin kai. A watan Satumbar 1958 Janar de Gaulle ya ba yankunan Afirka zaɓi: su zauna ƙarƙashin inuwar Faransa ko su tafi. Gini kaɗai ta ce a'a. Faransa ta janye ma'aikatanta da malamanta a fusace, makarantu suka zama wayam. Wasu matasan Afirka masu ilimi, ciki har da masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo, suka bar ayyukansu suka tafi Konakiri domin cike gurbin. Abdou Moumouni na cikinsu. Ga wanda ke da takarda irin tasa, wannan watsi ne da albashi mai tsoka da fansho tabbatacce.

A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet, inda ya zurfafa bincike kan makamashin rana. A 1964 littafinsa kan ilimi a Afirka ya fito a Faris, aka kuma fassara shi zuwa Ingilishi bayan 'yan shekaru. A ciki ya caccaki makarantar mulkin mallaka, wadda ya ga tana ƙera masu hidima ga baƙo, ya kuma kare koyarwa da harsunan gida da haɗa karatu da aikin hannu. Wanda ya karanta littafin ba zai yi mamakin abin da ya biyo baya ba: malamin da ke ganin ilimin da ba ya magance matsalar gida ragagge ne dole wata rana ya sauka daga allo ya shiga maƙera.

Ya fara da Bamako, inda ya jagoranci ɗakin binciken makamashin rana na Mali a zamanin Modibo Keita, ya kuma kammala digirinsa na dakta a Faransa a 1967. A 1969 ya dawo gida ya karɓi ragamar ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, ya riƙe ta har 1985. Shekarun sun zo masa da hujjoji biyu masu ɗaci. Farin da ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970 ya kashe dabbobi da itatuwa, sannan tashin farashin man fetur na 1973 ya nuna wa ƙasashen da ba su da teku irin Nijar yadda wuyansu yake a hannun wasu.

Abin da ya kamata mai karatu na yau ya lura da shi shi ne, sola a wancan zamani ba farantan nan masu ba da lantarki ba ce da ake sayarwa a Sabon Gari ko Alaba. Waɗannan suna da tsadar da sai manyan hukumomi. Aikin Abdou Moumouni ya fi karkata ga zafin rana kai tsaye. Na'urar ɗumama ruwa, misali, faifan ƙarfe ne da aka shafa wa baƙin fenti, aka bi shi da bututu, aka rufe da gilashi. Baƙin launi yana shan zafi, gilashin yana hana shi tserewa, ruwan da ya yi zafi kuma yana hawa tanki da kansa saboda ya fi mai sanyi rashin nauyi. Babu famfo, babu waya, babu digon mai. Murhun rana kuwa madubi ne mai siffar kwano da ke tara haske a gindin tukunya. Akwai kuma na'urar tace ruwa ta hanyar tururi, da ta busar da amfanin gona, da injin da zafin rana ke juyawa domin jawo ruwa. Hukumar ba ta tsaya ga gwaji ba. Ta ƙera na'urorin ɗumama ruwa a Yamai ta sayar. Nan ne bambancinsa da masana da yawa: ya so maƙerin gida ya iya haɗa kayan, ya kuma iya gyara su idan sun lalace.

Ba duk abin da ya ƙera ne ya samu karɓuwa ba, kuma gaskiya ta fi a faɗe ta. Murhun rana yana so a yi girki da tsakar rana a fili, alhali uwargida tana tuƙa tuwon dare ne bayan la'asar, kuma madubi ba ya aiki idan hazo ya rufe sama. Kuɗin sayen na'ura a tashi ɗaya ya fi ƙarfin talakan da ke sayen itace ɗauri-ɗauri. Ilimin ya yi daidai. Kasuwa da al'adar madafa ne ba su shirya ba.

A 1979, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka naɗa shi shugaban Jami'ar Yamai, wadda a lokacin ba ta cika shekara goma da kafuwa ba. Ya haɗa shugabancin da koyar da fiziks da kuma aikin ONERSOL. Ba ƙaramin nauyi ba ne tsohon ɗan gwagwarmayar ɗalibai ya zauna tsakanin gwamnatin soja da ɗaliban da ba su san tsoro ba. Bayan 'yan shekaru ya sauka ya koma ga bincikensa. A zamanin nan kalmar hayaƙin kabon ba ta shiga bakin 'yan siyasa ba. Babban taron duniya na Rio, inda aka rattaba hannu kan yarjejeniyar sauyin yanayi, sai a 1992 aka yi shi. Damuwarsa ita ce itace da kwararowar hamada da kuɗin mai. Amma maganin ɗaya ne. Duk tukunyar ruwan da rana ta ɗumama a ɗakin kwanan ɗalibai ko asibitin koyarwa, lita ce ta dizal da ba a ƙona ba, hayaƙi ne da bai tashi ba.

Wannan darasi ya dawo wa jami'o'in Najeriya ta ƙofar aljihu. Tun da aka ƙara kuɗin wuta ga rukunin Band A a Afrilun 2024, shugabannin jami'o'i suke kokawa cewa takardar kuɗin lantarki da man janareta suna cinye abin da ya kamata ya tafi ɗakunan gwaji. Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a 2019, ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na samar wa jami'o'i wuta, kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato tana da cibiyar binciken makamashi tun shekarun 1980. Ci gaba ne na haƙiƙa. Sai dai farantai da batura galibi daga waje ake shigo da su, kuma har yanzu ɗalibi yana tsoma hita a bokiti domin ruwan wanka a garin da rana ke iya yin aikin kyauta. Da Abdou Moumouni zai zagaya irin waɗannan harabobi, da wuya girman tashar ya ishe shi. Zai nemi sanin wa ya ƙera, wa zai gyara, kuma nawa aka rage daga abin da ake ɓarnatarwa.

Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilu, 1991, yana da shekara 61. Shekara guda bayan haka aka sa wa jami'ar sunansa. Ƙasarsa ta ci gaba da dogaro da wutar da ake jawowa daga Najeriya ta Birnin Kebbi. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulki, Najeriya ta katse layin, unguwannin Yamai suka shiga duhu na sa'o'i masu yawa a kullum. A cikin shekarar ce tashar sola ta Gorou Banda, mai megawat 30, ta fara aiki a bayan birnin, a ɓangaren kogin da jami'ar take, shekara 32 bayan rasuwarsa.