Lawrence Bragg: Mutumin da Ya Leƙa Cikin Ƙwayar Gishiri

A yau filin namu zai waiwayi rayuwar wani masani wanda aikinsa ya shafi hajar da muke saye da sayarwa a kasuwannin Gadarif da Gallabat, wato gishiri.

An haifi Lawrence Bragg a birnin Adelaide na ƙasar Ostareliya a shekarar 1890. Mahaifinsa, William Bragg, malamin kimiyya ne a jami'a. Daga baya iyalin suka koma Ingila, inda Lawrence ya yi karatu a Jami'ar Kambirij.

A shekarar 1913, shi da mahaifinsa suka haska gishiri da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Lawrence ya gano cewa sinadaran gishiri biyu, sodiyam da kulorin, a jere suke sahu-sahu, kowane sodiyam kulorin 6 ne ke kewaye da shi, haka kuma kowane kulorin. A yau mun san dalili: sodiyam kan ba kulorin ilektiron guda, sai su ɗauki cajin lantarki masu kishiyantar juna, su riƙa jan juna ta kowace fuska.

Wannan riƙo ne ya sa ƙwayar gishiri ke da tauri, zafi ba ya narkar da ita sai ya kai digiri 801. Amma ruwa kan shiga tsakani ya raba su ɗaya bayan ɗaya. Ashe magabata sun yi gaskiya da suka ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Don haka mai ajiye buhuna da damina ya ɗora su kan katako, ya kiyayi yoyon rufi.

A shekarar 1915, yana da shekara 25, aka ba shi kyautar Nobel tare da mahaifinsa, yana bakin aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, makonni kaɗan bayan an kashe ƙanensa Robert a yaƙin Gallipoli. Ya shugabanci ɗakin binciken Cavendish daga 1938 zuwa 1953, ya rasu a 1971.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya sa albarka a kasuwa.